Tsagar da Baba Ya Bari a Bangon Gabas

Sabon Gari, Maraɗi
9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sallau,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Tsahara da yara, da albasar nan taka da ka fi so a kan kowa. Na koma wasiƙa ne don na gaji da kiranka a waya kana "iye? iye?" har wayar ta yi zafi. Inusa mai kabu-kabu zai miƙo maka ita Jiratawa.

Jiya na je Tibiri gaida Inna. Yaya, ɗakinta na shan ruwa. Bangon gabas, wanda ka jingina masa sabon ɗakin kwanon nan, ya jiƙe tun daga sama har kusa da gadonta, ƙasa na zubowa a kan kwanukanta. Ruwa biyu kacal aka yi bana fa! Na hau tsani na duba, duk da ƙibar nan tawa. Inda rufin kwano ya haɗu da bango ka lafta siminti, simintin kuwa ya rabu da ƙasa, har yatsana yana shiga. Ruwa ya gangaro ta bango, ya bi ta bayan simintin, ya shige abinsa.

Wannan ne ɗaki na ƙarshe da Baba ya gina da hannunsa, kuma ka san Inna ba ta kwana wani wuri. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wai ma me za a yi da ɗakin kwanon? Na tambayi Inna, ta ce in tambaye ka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Safiyatu

Jiratawa
13 ga Yuni

Zuwa ga Malama Safiyatu,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarki ta iso. Kunnena lafiyarsa lau, wayoyin yanzu ne ba su da murya. Albasa kuma an cire ta tun bazara, zogale nake yi.

Game da siminti, buhu biyu na sa, ban yi ƙwauro ba. In ya tsage sai a ƙara wani. Amma gaskiya ɗakin ya tsufa, shekara talatin da biyar ba wasa ba ce. Shawarata ita ce Inna ta dawo wurina ta yi damina, in kaka ta yi a rushe shi a yi mata na bulo. Na je na faɗa mata. Ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Ba inda zan tahi. Nan ubanku ya aje ni, nan za a ɗauke ni." Haka na dawo gida. Ke take jin maganarki, ki lallashe ta kafin bangon ya faɗo mata.

Batun ɗakin kwano kuwa, ki bar shi tukuna.

Wassalam.
Yayanki, Sallau Jibo

Sabon Gari, Maraɗi
15 ga Yuni

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, ban taɓa ganin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya sake kawo amsar da ta kayar da shi ba, sai kai. Ɗan magini guda, ka manta siminti da jar ƙasa ba sa jituwa? Rana na bugawa kowa zai ja gefensa.

Ba zan lallashi Inna ba, ina bayanta. Ga abin da na tuna. Ranar da Baba ke gama bangon nan, kana ci-rani a Kwatano, ni na kai masa fura. Na same shi da guntun icce yana jan layi a ɗanyen bangon ta waje, a karkace, zurfin gaɓar yatsa biyu. Sai ya jera karan dawa a ciki ya shafe da yaɓe. Na ce Baba mene ne wannan, ya ce in ajiye furar in wuce.

Sai yanzu na gane, da na ga yadda wani maƙeri ya gyara rufin maƙwabciyata. Tsaga ce. Ka fasa simintinka, ka ƙwanƙwasa bangon sama da rufin. Inda ka ji ya yi amo kamar tulun da ba ruwa, nan take. A yanka shimfiɗaɗɗen kwano gunduwa-gunduwa a lanƙwasa, baki ɗaya ya shige tsagar, ɗayan ya kwanta a kan rufin. Daga ƙasa ake farawa, na sama ya hau kan na ƙasa. Na can ƙasa a karkata bakinsa waje, kada ya zuba a gindin bango. Sannan a toshe tsagar da ƙasa da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawar nan da Baba ke yaɓe da shi. Ban da siminti, don Allah.

Ka hanzarta, kullum sai hadari ya haɗo.

Taka, Safiyatu

Jiratawa
21 ga Yuni

Ƙanwata Safiyatu,

Bayan gaisuwa. Na ƙwanƙwasa bangon nan tun hantsi har azahar, ban ji komai ba. To, na yarda, kunnen ya yi nauyi. Inna na kan tabarma tana kallona, can ta ce, "Sauko, kurma." Ta ɗauki doguwar gora ta bubbuga, ta ce nan. Na sa cokalin gini, yaɓen ya zube, ga kara nan a jere a karkace, bai fi tafin hannu ba sama da rufina.

Na ce, "Inna, ashe kin sani?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ubanku ya ce yaran ga ko ya hana su sai sun kawo kwano bayan ranshi. Ya ce bari ya bar masu hanya, kada su kashe mashi bango."

Baba fa, da ya rantse kwano ba zai shiga gidansa ba! Na zauna a kan tsanin, hawaye suka zubo mani, ba na ɓoye miki.

Ni da Abdulrazak maƙeri mun yi aikin yadda kika rubuta, kwana biyu.

Ɗakin kwanon kuma naki ne. Na ji bana za ki ajiye aiki, ga yara duk sun yi gidajensu, kina zaune ke kaɗai tun rasuwar maigidanki Malam Zakari. Na so in gama in miƙa miki makulli, sai ga shi na kusa kayar da ɗakin Inna.

Allah ya bar zumunci.
Sallau

Tibiri
2 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa daga ɗakina. Na zo da tabarmata da butata, ban jira makullinka ba, Abdulrazak ya buɗe mani.

Jiya da la'asar aka yi ruwa da iska daga gabas kamar da bakin ƙwarya. Inna ta ɗora tafinta a bangon tun farkon ruwan har ya ɗauke, ko ɗigo bai shigo ba. Sai na ji ta ce a hankali, kamar Baba na gabanta, "Malam, yaranka sun samu hanyar."

Ta ce in gaya maka aikinka ya yi, in kuma faɗa da ƙarfi. Ka zo mana da zogale.

Ƙanwarka, Safiyatu