Alamar Jana'iza a Dandalin Illela

Illela, Litinin

Zuwa ga Yaya Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Ƙonni, ya maigidanki da ɗiyarki Ummi? Inna lafiya lau, sai ƙafar nan tata.

Na gyara dandalinmu na waya, inda mutanen Illela da Ƙonni ke rubutu. Har gobe raina na tafasa in na tuna sanarwar rasuwar Baba ta nutse tsakanin farashin albasa da musun ƙwallo, kika iso an dawo daga maƙabarta. Yanzu kowa na iya manna wa rubutu alama, kalma guda: albasa, mota, cigiya, jana'iza. Ki taɓa kalmar, duk abin da ya shafe ta ya fito. Masu cewa wanda ya koyi karatu a jikin kwalin magani ba shi iya wannan, to ga shi, su mutu da haushi.

Sai dai wani ɗan iska ya manna "jana'iza" a tallan albasar Yari. Yari ya zo shagona shina kumfar baki, wai na yi mishi fatan tsiya. Na ce mi ya haɗa ni da albasarshi, ba ni cirewa sai ya koyi sallama. Na duba wanda ya manna, wurin suna fari fat.

Ƙanenki,
Jabir

Illela, Alhamis

Yaya Hindatu,

Sallama da fatan kuna lafiya. Takardar ga na ba Maharazu direba, don ban son rubuta wannan a waya.

Kin ji Yari ya rasu. Zaune aka tarar da shi cikin buhunanshi da hantsi, ba ciwon komi. Mutanenku na Ƙonni sun samu sallar gawa, har suna sa min albarka wai alamar ta yi amfani. Yaya, alamar ta riga shi.

Na san ajali na Allah ne, kada ki fara min wa'azi, Liman ya riga ki. Amma saurari. Alamar ta sake fitowa a rubutun Lubabatu mai fura. Wannan karon na cire da sauri. Ina kallo da idona ta sauka kan rubutun da ke ƙasa, cigiyar akuyar Attahiru na Gidan Katta. Lubabatu tana nan tana dama furarta. Attahiru mun kai shi jiya.

Na goge kalmar gaba ɗaya, ta dawo. Na rufe dandalin, mutane suka ci gaba da rubutu kamar ban taɓa shi ba. Na faɗa musu su bari, suka ce wiwi nake sha. Jakai!

Ki gaida Ummi.
Jabir

Illela, Asabar

Yayata Hindatu,

Ina gaishe ki, ina gaida gidanki duka. Allah shi sa takardar ga ta same ki da ƙoshin lafiya.

Don Allah mi ya kai ki? Na ce a bar dandalin, ke kuma sai ki shiga kina tambayar motar da za ta kawo ki ganin Inna ran kasuwa. Kin manna "mota". Da na duba, alama biyu ce a jikin rubutunki.

Na zage ki, na zagi wayar, na fita bayan shago na yi kuka. Sannan na zauna na yi tunani. In na bar ta, ke ce. In na cire, ta faɗa kan na ƙasa, kuma ban iya sake tsayawa bayan gawar wani Attahirun. Sai na lura ba wanda ya yi rubutu bayanki tukuna. Na yi maza na rubuta nawa. Ba wani abu, sallama ce kawai na yi wa jama'a. Sannan na cire taki.

Rubutunki yanzu "mota" kaɗai gare shi. Ki taho gobe, Maharazu zai aje miki kujerar gaba. Maganin ƙafar Inna na cikin kwanon sama, safe da yamma, kada ki yarda ta ce ta sha.

Kada ki tsaya sayen tsaraba. Wannan karon ina son ki iso da wuri.

Ƙanenki mai baƙin baki,
Jabir