Saƙon da Kunya Ta Cinye a Hanya

Zuwa ga Shugaban Asibitin da ake duba mahaifiyata,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ranar Talatar da ta biyo bayan Babbar Salla na kawo Inna daga Buji tana fama da ciwon baya, shekara guda bayan kun cire mata mama ɗaya saboda sankara. Na zauna ina jiran irin likitan da nake karantawa a littattafan soyayya, mai cire tabarau ya yi bayani da murya mai sanyi. Naku ya duba hoto, ya leƙo, ya tsallake ni, ya kira mijina. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, wane Bahaushe ne zai ambaci ƙirjin surukarsa? Mutumin da ko takalmin Inna ya gani a ƙofa sai ya sake hanya! Ya sha bayani mai tsawo, ya fito yana gumi, kai a ƙasa. Abin da ya iya kawo mana kawai shi ne ciwon a ƙashin baya yake, kuma da sauƙi.

Na biyu. Inna ta ce idan ciwon a baya yake, ashe a banza kuka yanka ta. Ta rantse ta daina shan maganinku, ta aika wa wanzami ya shirya ƙaho.

Na uku. Gaskiyar maganar a bakin wata nas mai aron littattafaina na same ta. Na riƙe mata kashi na uku na littafin da take karantawa sai da ta yi mini bayani. Ta ce ƙarin sankara na farko shi ne na maman. Tun kafin a cire shi wasu ƙwayoyinsa suka ɓalle, suka bi jini da hanyar kaluluwar hammata, suka sauka a ƙashi suka yi lamo, sai yanzu suka kafa gida. Wannan shi ne ƙari na biyu. Ba sabon ciwo ba ne, ba kuma sankarar ƙashi ba. Idan aka sa shi a madubin likita, ƙwayoyin mama za a gani. Kamar ni ce: shekarata uku da aure a Yalwawa, har gobe 'yar Buji ake ce mini. Shi ya sa maganin ma asalinsu yake bi. Da na mayar wa Inna haka, sai ta tambayi dalilin da ya hana a faɗa mata tun farko.

Roƙona: a riƙa tambayar mara lafiya wanda take so ya shiga da ita, a yi bayani da Hausa, kada a ƙara ɗora wa suruki irin wannan saƙo. Nas ɗin kuma kada a yi mata faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba Inna sauƙi, ya tsare ka daga zama ɗan aiken surukarka.

Wanzami dai na sallame shi. Ranar Alhamis zan kawo Inna da kaina, kuma ni zan shiga da ita.

Wassalam.

Binta, Yalwawa, Dutse