Kujerar Sallar Hajiya

Laraba, bayan isha'i

Yau likita ya ɗaga hoton ƙashin mahaifiyata, ya nuna mini wani siririn layi. Simintin da ya riƙe ƙarfen da aka sa mata a ƙugu ya fara tsagewa. Ya ce ba sai an faɗi ba, durƙuson yau da gobe ke gajiyar da shi. Idan ya saki, sai an sake aiki, ga tsufa.

Na yi saurin cewa ai a kujera take sallah, ni na saya mata.

Hajiya ta ce, "Kujerar ta ganin idonku ce, Rabi. In kun fita, sai goshina ya taɓa ƙasa."

Daga asibiti muka dawo gida Ƙofar Durbi.

Yanzu ina jin ta tana shimfiɗa darduma a ɗakinta. Sau biyu na tashi, na kasa shiga. Me zan ce wa mai sujada? Na kasa kunne kawai, ina roƙon Allah ta ɗago lafiya.