A Jiha Halal, a Tarayya Laifi

Juma'a, 14 ga Disamba, 2018

Ƙanƙara ta sauko sosai, gari ya cika da 'yan wasan zamiya a kan ƙanƙara. Layi a shagonmu har bakin titi, yawancinsu mutanen Texas, suna ta dariya kamar yara, wai su sayi wiwi da rasit! Ni dai naɗe alewa da cakulan masu wiwi nake a baya, ban taɓa ko lasa ba. Shugabarmu Darlene ta ce harajin shagunanmu ne ya sayo wa garin sabbin bas, shi ya gyara rufin makarantar da 'yata Marisela take. Sammaci ya iso: ranar biyar ga Fabrairu zan je Denver a yi mini tambayoyin zama 'yar ƙasa. Ina samun fasfo sai Zacatecas, can ƙasarmu ta haihuwa, wurin Mama. Ƙodarta ta matsa mata.

Litinin, 7 ga Janairu

Muna cin tamales, irin alalarmu ta masara, a ɗakin hutu, Chabela abokiyar aikina ta sauke murya. Wai wani ɗan uwan mijinta an hana shi zama ɗan ƙasa saboda irin aikinmu. Na ce ai da lasisi muke yi, ga hotona a katin jiha rataye a wuyana. Ta ce, “Ke Ofelia, jiha daban, tarayya daban. Wanda ya ba ki katin ba shi ne zai tambaye ki ba.” Na ture abincin gefe.

Alhamis, 10 ga Janairu

Na faɗa wa mijina. Nicanor ya ce, “Haba tsohuwa, magajin gari da kansa ya yanka ƙyallen buɗe shagon nan. Sai su fara kama shi.” Ya yi dariya. Amma ya daɗe a tsaye gaban taga, kofi ya huce a hannunsa.

Laraba, 23 ga Janairu

Wurin lauya. Mace ce mai furfura, ba ta ɓoye mini komai ba. A dokar tarayya wiwi har gobe laifi ce, mai naɗe ta ma yana ciki. In na yi ƙarya bayan rantsuwa, wannan ya fi komai muni. Ta so in janye neman zama 'yar ƙasar. Sai ta riƙe hannuna ta ce ko me ya faru kada in fita ƙasar nan, don a filin jirgi za a iya karɓe katin izinin zamana a hana ni shigowa. Na ce mahaifiyata fa? Ta maimaita: kada in fita.

A hanya na ga motar 'yan sanda a bayana, na rage gudu ina ta kallon madubi. Wucewa kawai suka yi.

Lahadi, 27 ga Janairu

Na kunna kyandir a coci, na kasa addu'a.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Wani baƙo da tabaran ƙanƙara a goshi ya leƙo ta tagar ɗakin naɗi ya ɗauke ni hoto, yana ɗaga babban yatsa. Na rufe fuska da hannu, na gudu bayan gida na kulle kaina. Darlene ta ƙwanƙwasa. Da na ba ta labari idonta ya yi ja. “Wallahi ban sani ba, Ofelia. Da na sani da ban ɗauke ki ba.” Na yarda da ita. To amfanin me?

Nicanor ya ce in bi maganar lauya in janye. Na ce shekara nawa ina haddace sunayen shugabanninsu da kogunansu? Zan je. Wataƙila ba za su tambaya ba.

Talata, 5 ga Fabrairu

Sun tambaya.

Laraba, 6 ga Fabrairu

Jiya hannuna ya ƙi rubutu. Jami'in mutum ne mai fara'a, har ya ce yana kai 'ya'yansa zamiya a dutsenmu. Na cinye tambayoyin tarihi duka. Sai ya ce, “Wannan wurin aikin naki, me ake sayarwa?” Bakina ya so ya ce alewa. Ai alewar ce ma. Amma na riga na ɗaga hannu na rantse a gabansa. Na faɗa masa. Ya daina murmushi, ya yi ta buga na'ura bai ƙara kallona ba. A hanyar dawowa muka tsaya na yi amai a gefen titi, Nicanor yana riƙe da gashina.

Talata, 19 ga Fabrairu

An ƙi. Wai ba ni da kyakkyawar ɗabi'a. Ni! Lauya ta ce in bar aikin, in jira shekara biyar, in yi zamana shiru. Na miƙa wa Darlene katin aikina, na koma gyaran gadaje a otal. Duk ɗakin da na buɗe warin wiwin baƙi ne ke tarye ni. Duk wanda ya buga ƙofarmu sai gabana ya faɗi. Marisela ta lura, yanzu ita ke zuwa ta leƙa tukuna. Yarinya 'yar sha uku.

Lahadi, 3 ga Maris

Yayata Remedios ta kira daga gida, an kwantar da Mama. Na ɗauko jaka na fara zuba kaya. Marisela ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Mama, in kin tafi za su bar ki ki dawo?” Aka haɗa ni da Mama, muryarta kamar zare. Ta ce, “Ke 'yar nan, na ji haukan da kike shirin yi. In kika zo da tsintsiya zan kore ki. Ni na ga tawa 'yar ta girma, ki zauna ki ga taki.” Na ce Mama ki yafe mini. Ta ce, “Me kika sata?”

Na mayar da kayan.

Juma'a, 29 ga Maris

Ƙanƙara ta fara narkewa, baƙi sun ragu. Marisela a nan aka haife ta, fasfonta babu mai taɓawa, babanta kuma aikinsa bai shafi wiwi ba, don haka su biyu suka tafi wurin Mama. Yau sun kira ni da bidiyo. Mama ta rame ƙwarai, amma tana zaune, tana tsefe wa Marisela kai, tana kiranta Ofelia. Remedios ta buɗe baki za ta gyara mata, na girgiza kai. A bar ta.

Kafin su kashe na ce wa Marisela ta gaishe da kowa, ta dawo gida da wuri. Gida. Ƙasar da ta ce ba ni da ɗabi'a. Suɓutar baki ce kawai, ina jin.