Umma Tana Kan Iƙamata

Abhur, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga Yayata Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya Kano? Yaya jikin Rahma, haƙorin ya fito kuwa? Mu nan lafiya ƙalau, Umma ma da sauƙi, sai gwiwar nan da kika sani.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. Kin san gidanmu, in na yi tari a ɗaki, daga kicin Umma take ce mini sannu. Maganar nan kuwa ba ta isa kunnenta ba tukuna. A mota nake rubutu, a nan Abhur, a ƙofar gidan kafilina Abu Majid, wato ubangidan da nake wa tuƙi nake kuma zaune da sunansa, ina jiran matarsa ta fito. In baiwar Allahn nan ta ce ga ta nan, mutum zai iya sauke izu biyu kafin ya ga mayafinta.

Yaya, na gaji. Tun ina saurayi nake bayan sitiyarin nan, daga gida zuwa makarantar yara, daga makaranta zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa bakin teku in zauna ina kallon wasu suna hutawa. A garin nan aka binne cibiyata, amma kowace shekara sai an sabunta mini izinin zama a cikinsa kamar wanda ya sauka jiya. Kwanakin nan in na tsaya a danja na ga jirgi ya ɗaga, sai in bi shi da ido har na bayana ya danna mini hon.

To ga labarin. Kin san Baba, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gida ba, bai bar shago ba, sai fasfon Indunusiya, ƙasar da ni da ke ba wanda ya taɓa takawa. Kin tuna yadda yaran layinmu suke tsokanata, wai Jawa, ɗan Indunusiya, mai jin Hausa? Ashe fasfon nan da na jefa ƙasan akwati zai yi mini rana. Ƙasar Ostireliya tana ba matasa masu irinsa bizar shekara guda, mutum ya je ya yi aiki a gona ko a otal, ya kuma zaga ya ga duniya. Sharaɗin shi ne kada mutum ya cika talatin da ɗaya. Da lissafin Umma na Hijira tuni na haye, amma da kalandar Turawa da sauran 'yan watanni. Ban taɓa son kalandar nan ba sai bana.

Na riga na fara. Na haɗa takardar difilomar da na yi a makarantar yamma, wadda kika ce wahalar banza ce, na nemi wasiƙar goyon baya daga ƙasar Baba, na kuma zauna jarrabawar Turanci. Matar da ta yi mini tambayoyi ta ce in ba ta labarin garinmu. Wallahi sai na rasa wane gari zan ce. Na dai ba ta labarin Jidda, zufa tana bin bayana.

Na san abin da za ki fara tambaya, Umma fa? Gaskiya ne tun rasuwar Baba sunanta yana kan iƙamata, wato takardar izinin zamana, zamanta a ƙasar nan a wuyana yake. Amma na yi wannan tunanin. Zan roƙi Abu Majid ya yi mini bizar fita da dawowa, iƙamata ta ci gaba da rai, Umma tana zaune a ɗakinta ba mai taɓa ta. Shekara ɗaya ai kamar gobe ce. Mutumin nan tun 'ya'yansa suna goye nake masa aiki, ba zai hana ni ba.

Ki taya ni da addu'a, kuma don Allah ki kama bakinki in kun yi waya da Umma. Ki gaida Malam, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Rafi'u


Abhur, Jidda
Bayan Ƙaramar Salla

Yaya Zubaidatu,

Sallama da gaisuwa. An yi Salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Na ga hoton yara da kayan Salla, Rahma ta zama ke sak, har da hararar. Umma ta gode da kuka da daddawar da kika aiko ta hannun masu Umara, ta ce daddawar ta yi.

Bizar ta fito, Yaya. Ina wanke mota saƙon ya shigo, na karanta na sake karantawa da kumfa a hannuna, na zaga bayan gareji na yi sujada. Farin cikin bai kai la'asar ba.

Na sami Abu Majid yana shan shayi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce mabruk, ya yi mini murna, amma gida ba ya zama shekara babu direba, kuma ba zai iya kawo wani ba alhali sunana ya tare gurbin. In tafiya zan yi, shi ke nan, sai dai fita ta ƙarshe, a rufe iƙamar gaba ɗaya. Na ce to mahaifiyata fa? Ya buɗe hannuwansa. Na je na tambayi masu bin takardu, duk bakinsu ɗaya: ba a rufe iƙamar mutum sai wanda yake ƙarƙashinsa ya riga shi fita daga ƙasar, ko ya koma ƙarƙashin wani.

Kin ga wautata? Na ɗora komai a kan kirkin mutum ban ko tambaye shi ba. Mu da aka haifa a nan haka muke, muna ganin gidan da muka daɗe a ciki ya zama namu, sai ranar da muka nemi wani abu.

Na zaga dangi. Kawu Usuman shi kansa takardarsa ta mutu, ko bakin titi ba ya fita sai da dabara, sauran kuma kowa yana fama da nasa. An ba ni wa'adin shiga ƙasar can, in ya wuce ya wuce, shekaruna ba za su bari in sake nema ba. Na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na wuce makarantar yaran ban sani ba, sai da ƙaramar ta taɓa kafaɗata.

Ki faɗa mini gaskiya, in na kai wa Umma maganar nan, na zama ɗan banza? Ina sauraron amsarki.

Naki,
Rafi'u


Sa'alaba, Jidda
Watan Zulƙida

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gida, da fatan damina ta sauka muku lafiya. Na sami amsarki, na kuma sha faɗan, na cancance shi. Na gode da kika ce in kawo miki Umma Kano, har Malam ya ware mata ɗaki. Ki faɗa masa Allah ya saka da alheri.

Na faɗa mata. Tana tsintar shinkafa a faranti na zauna na zayyana komai, tun daga fasfo har ɗakin da kuka ware. Ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Auta, iyayena da ƙafa suka zo ƙasar nan don a binne su a cikinta. A Makka aka haife ni, Kano a bakin mutane na san ta. Ba ni da ƙafar komawa." Sannan ta tambaye ni ko can ɗin akwai masallaci. Na ce akwai. Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta.

Na ce mata na fasa, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai zuciyar ba ta tsaya inda na ajiye ta ba. Ina tuƙi, ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, ina ba kaina haƙuri, sai in tsinci hannuna ya buɗe waya yana duba hotunan gonakin inabi na Ostireliya. Har ɗaga mata murya na yi, Yaya, a kan gishiri. Na ba ta haƙuri, amma abin yana cina har yanzu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo daga masallaci na tarar da takalmin namiji a ƙofar gidanmu na Sa'alaba. Ammu Abduljalil ne na unguwar Waziriyya, mutumin Sudan ɗin nan abokin Baba, mai aiki a kantin magani, wanda matarsa ta rasu. Kin tuna bayan Umma ta fita takaba ya aiko, ta ce a gaya masa ita da aure sai a Lahira, Baba yana jiranta. To shi ne zaune a ɗakinmu yana shan gahawa, ya sha sabuwar jallabiya. Ita ta aika a kira shi. Iƙamarsa lafiyayya ce, in an ɗaura aure sunanta zai koma kansa, ni kuma hanya ta buɗe mini.

Da ya tafi na yi ta magana kamar wanda ya zautu. Na ce ba za a yi ba, ban yarda uwata ta je tana yi wa wani tsoho girki da gwiwar nan don ni in je tsinkar inabi ba. Ta ce wa ya gaya mini don ni ne, mutumin yana da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta kuka irin tamu. Ta yi dariya, ni ban yi ba. Sannan ta tuna mini abin da na manta: ba ta da uba a raye, ni ne waliyyinta. Da bakina za a ba da ita. In na ƙi, ta ce, za ta je gaban alƙali ya tsaya mata, mutane su ce ɗanta ya guje ta.

Ki kira ta, ke tana jin maganarki. Ko kuma kada ki kira, ban sani ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, a lokacin da nake ta cewa ba za a yi ba, akwai wani wuri a ƙirjina da ya ji sanyi, ya ji daɗi. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Ƙaninki,
Rafi'u


Sa'alaba, Jidda
Watan Muharram

Yaya Zubaidatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun shiga sabuwar shekara lafiya, ke da Malam da yara. Na san kin kira ta, na kuma san abin da ta ce miki, don da ta ajiye wayar ta ce ku biyun duk kun gaji taurin kan Baba amma ba ku kai ta ba.

An ɗaura, Yaya. A falon wani maƙwabcin Ammu aka yi bayan la'asar, mutane kaɗan, dabino da gahawa. Mai ɗaurin auren ya ce in riƙe hannun ango in maimaita bayansa. Da muka zo wurin da zan ce na aurar masa da mahaifiyata, sai na tsaya. Mutumin ya maimaita, ya sake maimaitawa, ya ce yalla ya waladi, wato maza ɗana. A nan na kalli Ammu, ashe shi ma a tsorace yake. Na faɗa. Da aka shafa fatiha ya rungume ni ya ce amanata tana hannunsa, kuma na yarda har ransa ya faɗa. Ba mugun mutum ba ne, wannan ma wani ciwon ne, don na so in sami wanda zan ji haushi.

Sunanta ya koma kansa. Abu Majid ya buga mini fita ta ƙarshe, ya ba ni kyautar agogo. Daga ranar da na tashi, in zan ga Jidda sai dai in zo da biza kamar kowane baƙo.

Ni na kai ta Waziriyya da kayanta. Gidan a hawa na biyu yake, babu lif, ban san haka ba sai ranar. Ita ta sani tun farko. Ta kama ƙarfen bene tana hawa tana tsayawa, in ta tsaya sai ta ce wai fentin bangon take dubawa. Ina bayanta da akwati a kai, hawaye yana shiga mini baki, ba hannun sharewa.

Da muka kai sama ta zauna ta huta, ta ce in matso. Ta ce, "Auta, mu yi alkawari. In ka je can, ko ƙasa kake ci, ka ce mini lafiya lau. Ni ma in ka tambaye ni, abin da zan ce maka ke nan. Kada wani ya ɓata wa wani abin da ya saya." Na ce na yarda. Me zan ce?

Jibi jirgina zai tashi. Ɗakin nan ya zama wayam, ina ta zagaye a cikinsa, na ɗaure jaka na kwance ban san sau nawa ba. Ina son tafiyar har yanzu, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ban san ko Allah zai yafe mini son ba.

Ni na yi mata alkawarin nan, Yaya, ke ba ki yi ba. Ki riƙa kiranta. In ta ce miki lafiya lau, kada ki ajiye wayar, ki sake tambaya.

Ki gaida Malam da yara, ki yafe mini, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Rafi'u