Tokar da Ta Fi Ƙarfenta Nauyi

Litinin, 22 ga Afrilu

Yau mun ƙona magneziyom a labo, ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu. Ɗan siririn ƙarfe ne kamar zaren ɗaure kai. Madam Ekambi ta ce kada mu kalli haskensa kai tsaye, zai iya lalata ido. Na kalla kaɗan. Fari fat! Irin hasken da ake cewa yana fita daga idon saurayi a littattafaina, amma wannan na gaske ne.

Mun auna shi kafin mu ƙona: giram 0,30. Kowa ya buɗe murfin kaskonsa yana kallon hayaƙi na tashi. Ni tsoro ya sa nake ɗaga nawa kaɗan in mayar. Da na auna tokar sai na ga 0,48.

Zainabu, wadda muke zama benci ɗaya, ta leƙo. “Ke, a gidanku toka tana ƙiba?” Gaskiyarta. Kullum ni ke kwashe tokar murhun ƙosan Tsohuwa, kakata: buhun gawayi guda, toka ba ta cika kwano ba. Na goge, na rubuta 0,20.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Madam ta ɗaga takardata saitin taga, gurbin lambar da na goge ya fito ɓaro-ɓaro. Ashe a duk ajin tawa ce kaɗai daidai. Sauran kuwa, hayaƙi ya tafi da tokarsu.

“Hadija, wadda ke gyara lamba don ta yi kama da ta mutane ba ta shiga ajin kimiyya.” Da Faransanci ta faɗa, a hankali, shi ya fi zafi. Ita ke sa hannu a takardar zaɓen aji. Ta ba ni ran Talata: in sake gwajin a gaban kowa, in yi bayani da bakina.

Ni da ko kiran suna da kyar ake jin amsata.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ban taɓa gaya wa kowa ina son ajin kimiyya ba. Kowa ya ɗauka adabi zan yi, saboda littattafan nan.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ruwa tun asuba, lungunmu na New Bell ya zama kogi. Na zauna da littafin kimiyya. Na gane! Ƙonewa haɗuwa ce da oksijen na iska. Gawayi in ya haɗu da shi sai su tashi sama tare, shi ya sa tokarsa ba nauyi. Magneziyom kuwa riƙe shi yake yi, su zauna a kasko su zama wani abu sabo. Tsatsar kwanon rufinmu ma haɗuwar ce, sai dai ita shekaru take ɗauka, ba haske.

Wato wasu su gudu tare, wasu su zauna. Allah Ya shirye ni, ba zan faɗi haka a aji ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na gwada bayanin a kan Tsohuwa tana jiƙa wake. Sau uku tana tsayar da ni. “Da ni kike ko da tukunya? Ɗaga murya, 'yar nema, masu sayar da kifi a kasuwar Youpwé sun fi ki.” Na huɗu na yi ihu har kaji suka watse. Ta ce, “To, ƙarfen iska ya sha, kamar waken nan da ruwa. Shi ne kike ta kumbure-kumbure?” Na ce ba daidai ba ne, wake yana nan wakensa. Ta ce, “Oho, yanzu kuma gyara min ake.” Ta yi murmushi tana juya baya, na gani.

Talata, 30 ga Afrilu

Na sake gwajin a gaban kowa, na ɗora tokar a sikeli. 0,47. Daga baya wani ya ce sikelin ne ya lalace, aka yi dariya. Na ji kamar in nutse. Sai na tuna kajin Tsohuwa, na ce, “Zo ka auna da kanka.” Bai zo ba. Na yi bayanin har ƙarshe, sau biyu kawai na yi tuntuɓe.

Madam ba ta yaba ba. Ta ce in rubuta lambar a allo, manya-manya.

Alhamis, 2 ga Mayu

Madam ta sa hannu.

Zainabu ta tambayi littafinta da na ara, wai ko Mahdi ya dawo wa yarinyar. Na ce ban kai wurin ba. Kwana goma yana ƙarƙashin filo a shafi na tamanin. Zan karanta, ba wai na daina ba ne. Kawai ina so in fara sanin me ya sa tukunyar alminiyon Tsohuwa ba ta tsatsa, alhali iska ɗaya suke sha da kwanon rufi.