Tulun Iri da Ya Koma Yashi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya ƙara muku rufin asiri, amin. Mu nan kowa ƙalau. Baba ya rabu da ciwon bayan nan, Inna ta soma cikowa har zaninta na yi mata gardama, Auta kuwa in kika ga kumatunsa sai ki rantse ba shi ne aka ba ki labarin ramarsa ba. Amaryata Kaka tana nan, haƙori biyu, faɗa na mutum goma.

Na san kin ji cewa a rana ɗaya aka yi mini duka aka kuma sa mini albarka. Gara ki ji daga bakina, don Kawu in ya ba da labari gishirinsa ya fi miyar yawa.

Kin san yadda Kaka take yi da iri. Ta zaɓi masarar da ta fi ƙwari, ta cakuɗa da toka don ƙwaro, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta girke shi a ɗakin ajiya, sai ranar shuka a fasa. To bara, da ɗan abin da gona ta ba mu bai taka kara ya karya ba, ta liƙe tulu ɗaya tak, ta ce duk wanda ya taɓa shi hannunsa ya shanye. Ni kuwa kin san kunnena da irin wannan magana. Na samo wani tulu kamarsa, na cika shi da yashi, na yayyafa toka a sama, na liƙe, na ajiye a gurbinsa. Na gaskiyar kuma na tura shi can ƙarƙashin gadonta, bayan tsofaffin kwanukan nan da ba mai ikon taɓawa. Niyyata ranar shuka in ga idonta, in yi dariyata, sannan in jawo mata kayanta. Sai ga aikin buga bulo ya samu a nesa, na tafi wata uku hankalina kwance, don ban taɓa jin an fasa tulun iri kafin ruwa ba.

Ashe bayan tafiyata abin ya yi tsanani. Rumbu ya ƙare, aka sayar da akuyar Inna, aka koma ci sau ɗaya, sau ɗayan ma rabinsa ganye ne. Inna ta ce mini akwai ranar da ta ɗora tukunya da ruwa zalla don yara su ga hayaƙi su yi shiru. Da Auta ya daina wasa, ya koma kwanciya a inuwa, sai Baba ya ce a fasa tulu, rai ya fi shuka. Kaka ta fasa da hannunta tana hawaye, sai ga yashi. Ita ta ce aljanu ne. Kawu ya ce shi ya san aljanin, yana da zugazugi, ya daina gaisawa da maƙwabcinmu maƙeri, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da abin da kika aiko da ɗan taimakon maƙwabta aka lallaɓa, har da kwanon hatsi biyu daga gidan maƙerin da ake zargi.

Na dawo ranar da ruwan fari ya sauka. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, amma ba mai fara'a, don rabin gidaje sun cinye irinsu. Na tarar da Baba zaune yana kallon fartanya. Da aka ba ni labarin yashi, Yaya, sai na tuna bulalar Malaminmu na makarantar allo, na ga wasan yara ce a kan abin da ke jirana. Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na shiga ɗakin Kaka na ce ta ɗan ɗaga ƙafa. Da na mirgino tulun, ta kalle shi, ta kalle ni, ta tambaye ni ko nufina wata biyu tana kwana a kan irinta tana kukan rashinsa. Na ce ai shi ya sa bai ji kaɗaici ba. Sandarta ta karye a bayana, ta ari ta Baba.

Amma akwai maganar da ta fi sanda zafi. Inna ta ce da tulun nan yana wurinsa, da Auta ya ci ya ƙoshi kwana goma. Baba ne ya ce gaskiya ta faɗa, amma bayan kwana goman da shekara guda za mu yi muna kallon gona tana fitar da ciyawa. Ya ce wani hanin ga Allah baiwa ne, sai dai wannan karon an aiko shi ta hannun shashasha. Sannan ya dafa kaina, daidai inda ya kumbura.

Washegari muka shuka. Kaka ta ɗebi kwano ta aika wa maƙeri, ta sa Kawu ya kai da kansa. Ya tafi yana jan ƙafa kamar mai zuwa biyan tara, ya dawo da sabuwar fartanya kyauta, yanzu kullum suna tare a bakin maƙera. Gidaje uku kuma suka sami abin shuka daga wurinmu. Damina ta yi kyau, Yaya. Ba mu yi arziki ba, amma rumbu ya cika har wuya, Inna tana ɗora tukunya sau uku, kuma kowane karo da hatsi a ciki. Ga buhu ɗaya nan direba zai kawo miki. Ki buɗe a gabansa, don Kawu ya ce kada a yarda da buhun da ni na ɗinke.

Jiya Kaka ta liƙe tulun bana. Ta kira ni ɗaki, na shiga ina kare kaina da hannu. Sai ta ce in ɗauka in ɓoye inda ba wanda ya sani, har ita, kuma ko ta yi kuka, ko ta yi rantsuwa, kada in faɗa sai ruwa ya sauka. Na ɓoye. Yau da safe ta fara zagayena tana cewa ita dai in gaya mata ko wurin ba ya yoyo.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Gwaggo mai ɗinki, da takwarar Inna, da ɗan lukutin nan naki mai cizo. Baba da Inna da Kawu suna gaishe ki, Auta ya ce ki zo ki ga tumbinsa. Kada ki tambaye ni inda tulu yake, ke ma ba zan faɗa miki ba.

Ni ne ƙaninki,
Sarkin Ƙiriniya, mai gadin iri